Tashin Dole Kafin Tashin Jirgi: Yadda Hayar Gida a Legas ke Cinye Guzurin Masu Ƙaura

LEGAS — A kasuwar gidajen haya ta birnin Ikko, shekara guda ita ce mudun awo. Da wuya a sami mai gidan da zai yarda ya ba da hayar wata uku ko wata biyar. Ko dai mutum ya ajiye kuɗin wata 12 a dunƙule, ko kuwa ya matsa ya ba wani wuri. Wannan tsari ya daɗe yana gallaza wa ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, amma a 'yan shekarun nan ya fito da wata sabuwar fuska, wato halin da iyalan da ke shirin ƙaura zuwa ƙasashen waje ke shiga idan wa'adin hayarsu ya cika alhali takardun tafiya ba su kammala ba.

Irin waɗannan iyalai suna rayuwa ne tsakanin wa'adi biyu. Na farko shi ne na mai gida, wanda ranarsa a rubuce take, ba ta motsi. Na biyu kuwa shi ne na ofishin jakadanci da masu ɗaukar aiki a ƙetare, wanda babu mai iya cewa ga ranarsa. Duk sa'ad da na farko ya riga na biyu, dole iyali su yi tashi biyu, su kuma biya kuɗin zaman da ba za su yi ba, daga cikin kuɗin da suka tanada domin tafiya.

Notis a tsakiyar shiri

Abin da ya sami wani iyali a Agege a shekarar 2024 ya isa misali. Maigidan ɗan kasuwa ne mai sarin kayan masarufi, haifaffen Legas wanda iyayensa suka zo daga Arewa, kamar da yawa daga cikin mazauna wannan unguwa mai tsohon zangon Hausawa. Uwargidan ma'aikaciyar jinya ce wadda ta shafe kimanin shekara 10 tana aiki a wani asibiti. Suna da 'ya'ya uku, babbar tana ƙaramar sakandare. Sun yi shekara bakwai a wani gida mai ɗaki uku da falo, suna biyan haya shekara-shekara, ba a taɓa binsu bashi ba.

Bayan da uwargidan ta ci jarrabawar Turanci da kuma kashin farko na jarrabawar hukumar jinya ta Birtaniya, wani asibiti a Ingila ya yi mata alkawarin aiki. Bisa ga lissafinsu, za su tashi tun kafin kuɗin hayar da suka biya ya ƙare. Ana cikin haka sai Allah ya yi wa mai gidan rasuwa, magada suka sayar da gidan domin rabon gado, shi kuma wanda ya saya ya ƙudura rushe shi ya gina shaguna. Aka ba dukkan 'yan haya notis na wata shida.

Da farko abin bai dame su ba, ganin cewa wata shida ya zarce lokacin da suke tsammanin barin ƙasar. Sai dai kuma wata ya bi wata, takardu suka ƙi fitowa. Lokacin da ya rage saura kwana 30 notis ya cika, asibitin bai aiko da takardar ɗaukar nauyi ba, wadda sai da ita ake neman biza. Ko da komai zai tafi daidai, ba su ga alamar tashi ba sai bayan wata huɗu da cikar wa'adin.

Takardu masu wa'adi

Jinkiri irin wannan ba baƙon abu ba ne, domin tafiyar ma'aikacin jinya sarƙa ce mai zobba da yawa, kowane zobe kuma da nasa wa'adin. Tilas ne Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya ta tantance takardun mutum ga takwararta ta Birtaniya. A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta fitar da sababbin ƙa'idoji, ciki har da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi, al'amarin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. A wannan lokaci ne magatakardan hukumar ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku.

A ɓangaren Birtaniya ma ƙa'idoji sun yi ta sauyawa. Daga 1 ga Janairu, 2024, aka hana akasarin ɗalibai zuwa da iyalansu, bayan da alƙaluman Ma'aikatar Cikin Gida ta ƙasar suka nuna cewa a 2022 kaɗai an ba iyalan ɗalibai 'yan Nijeriya biza fiye da 60,000. Daga 11 ga Maris na 2024 kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi tafiya da nasu iyalan. Wannan hani bai shafi ma'aikatan jinya masu lasisi ba, amma ya jefa tsoro a zukatan jama'a, kowa yana gudun kada ƙofa ta rufe kafin ya wuce.

Bugu da ƙari, takardar gwajin tarin fuka da ake buƙata daga 'yan Nijeriya wata shida kawai take aiki. Takardar ɗaukar nauyi kuwa dole a yi amfani da ita cikin wata uku da bayar da ita. Sannan, muddin mai ɗaukar aikin bai rubuta cewa ya ɗauki nauyin ciyar da iyalin na watan farko ba, wajibi ne a nuna kuɗi a banki: fam 1,270 na mai aikin, fam 285 na miji ko mata, fam 315 na ɗan farko, da fam 200 na kowane ɗa bayansa. Kuɗin kuma sai sun kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun gaza wannan adadi ba ko da na yini ɗaya. Ga iyali mai 'ya'ya uku, jimlar ta kama fam 2,270, wato N4,540,000 idan aka yi canji kan N2,000 kowane fam, kamar yadda farashi ya kai a ƙarshen 2024. Wannan bai haɗa da kuɗin biza da tikitin jirgi na mutum biyar ba.

Lissafin wata huɗu

A nan ne matsalar haya ke haɗuwa da matsalar tafiya. A ƙaddara cewa hayar gida irin wanda iyalin za su bari ta kai N1,500,000 a shekara. Bisa al'adar kasuwa, dillali zai karɓi la'adar kashi 10 cikin 100, wato N150,000, a kuma karɓi wani kashi 10 cikin 100 da sunan kuɗin rubuta yarjejeniya. A ƙara N100,000 na ajiya saboda ɓarna, da wata N100,000 ta motar kwashe kaya da ƙananan gyare-gyare. Jimla ta tashi N2,000,000.

Wanda zai zauna shekara guda, hayarsa ta kama N125,000 a wata. Wanda zai zauna wata huɗu kacal kuwa, kowane wata ya tsaya masa a kan N500,000, ninki huɗu ke nan. Haka kuma wannan Naira miliyan biyu ta kai kashi 44 cikin 100 na kuɗin da ake son gani a asusun banki. Idan aka cire ta daga asusun, ƙidayar kwana 28 ta rushe, sai an cike gurbin sannan a sake farawa daga ɗaya. Idan aka cire ta daga jarin shago, ɗan kasuwar da ke juya kuɗinsa sau ɗaya a wata da ribar kashi 5 cikin 100 ya yi asarar N100,000 kowane wata, ban da uwar kuɗin. Rancen banki kuwa ba abin tunkara ba ne, domin a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa.

Akwai gidajen saukar baƙi masu kayan ɗaki waɗanda suka yawaita a Lekki da Ikeja da Yaba, amma su da kwana ake biyansu, an kuma yi su ne domin masu zuwa hutu da baƙin kamfanoni. Iyali mai mutum biyar da zai kwana 120 a irin wannan wuri zai iya kashe abin da ya zarce hayar shekara. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Dalilan masu gidaje

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan haɗamar masu gidaje. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, da kuma tsakiyar Yuni na wannan shekara da Babban Banki ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin kula da gini ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka da ake canzawa kan kimanin N460 a hukumance ta haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024, watan da buhun siminti ya zarce N10,000 a wasu kasuwanni. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamba na 2024.

A irin wannan yanayi, Nairar da ke hannu yau ta fi wadda za a karɓa bayan wata 11 daraja nesa ba kusa ba. Saboda haka kuɗin shekara a dunƙule tamkar rance ne marar ruwa da ɗan haya ke ba mai gida. Haka zalika garkuwa ce gare shi, tun da yake fitar da ɗan hayar da ya daina biya ta hanyar kotu na iya ɗaukar dogon lokaci. Ga shi kuma masu neman gida sun fi gidajen yawa, don haka mai gida ba shi da dalilin sassautawa. Shi ma dillali la'adarsa daga kuɗin shekara ake yanka ta, ba zai so a rage tsawon haya ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Raji Fashola ya rattaba wa hannu, ita ce ke aiki lokacin da wannan al'amari ya faru, kuma ta ba ɗan haya kariya fiye da yadda mutane da yawa suka sani. Sashe na 13 ya ce idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku ko wata shida yana da notis na wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan cikar notis, sai an sake ba shi wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da shi niyyar zuwa kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon ba da umurnin fitar da mutum. Sashe na 44 ya tanadi tarar da ta kai N250,000 ko ɗaurin wata shida ga duk wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko ya rushe gini domin ya tilasta masa tashi.

Sashe na 4 ya haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, tare da tarar N100,000 ko ɗaurin wata uku. Sashe na 37 ya ba ɗan haya damar ƙalubalantar ƙarin haya marar dalili a gaban kotu. Dokar ta kuma ce wanda ya ɗauko lauya ko dillali shi ke da alhakin biyansa, ko da yake al'adar kasuwa ta danne wannan tanadi. Sayar da gida kuma ba ya soke hayar da ke kansa. Mai saye ya gaji ɗan haya da sauran wa'adinsa. Abin lura shi ne dokar ta keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja, ba ta aiki a cikinsu. A 2025 Majalisar Dokokin Jihar ta soma nazarin wani sabon ƙuduri da nufin maye gurbinta.

To amma dokar ta tsaya ne a kan iyakar abin da za a karɓa, ba ta tilasta wa kowa ba da gajeruwar haya ba. Kuma wanda ya zarce wa'adi a gida, kotu za ta sa ya biya kuɗin zaman kwanakin da ya ƙara. Ga mutumin da ke shirin barin ƙasa, shari'a ba abin so ba ce: tana cin kuɗin lauya, tana cin lokaci, tana iya bin sa har bayan tafiyarsa. Amfanin sanin doka a nan shi ne ƙarfin ciniki da take ba ɗan haya a wajen sulhu.

Yadda iyalin suka ɓullo wa lamarin

Da wannan ƙarfi ne magidancin na Agege ya yi aiki. Maimakon ya jira ranar tashi, sai ya nemi dattawan unguwa suka raka shi wurin sabon mai gidan. Ya nuna masa rasit na shekara bakwai, ya kuma bayyana masa cewa ba shi da niyyar ja da shi a kotu, alfarmar lokaci kawai yake nema. Shi ma mai sayen ya san cewa bin hanyar kotu zai iya ɗaukar fiye da abin da ake roƙonsa, kuma takardun izinin gininsa ba su fito ba tukuna. Aka daidaita kan ƙarin wata biyu, ana biya wata-wata kan farashin da ya ɗara na da, aka rubuta ranar miƙa makulli, shaidu suka sa hannu. Da sulhun bai yiwu ba, matakin gaba shi ne Cibiyar Sasanta Jama'a ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 1999, inda ake sauraron rikicin haya kyauta.

Wata biyun nan suka yi amfani da shi wajen sayar da kaya a tsanake. Wanda ke sayar da firji da janareta da kujeru ana gobe zai tashi, farashin gwanjo yake samu, domin kowane mai saye ya san a matse yake. Su kuwa suka fara da manyan kaya tun da wuri, suka bar katifu da tukwane zuwa ƙarshe. Kuɗin da aka samu bai shiga asusun biza ba, aka ware shi domin cefane da sufuri, don kada a taɓa wancan ko da kwabo.

Duk da haka tashin da ba su so bai fasa ba. Da wata biyun ya cika, sai suka koma ciki da falo a gidan wan magidancin a Agbado, kan iyakar Legas da Jihar Ogun, suka riƙa ba da nasu kason na abinci da wuta da ruwa. Mutum biyar da suka saba da ɗaki uku suka koma kwana a ɗaki ɗaya, akwatuna jere a bango. Uwargida, wadda ta saba da madafinta, ta koma raba murhu da matar yayan mijinta, abin da sai da haƙuri da kawaici daga kowane ɓangare. Ba su sauya wa yara makaranta ba, domin sabuwar makaranta na nufin sabon kuɗin rajista da yunifom da littattafai saboda zango ɗaya tak. Sai dai yaran suka koma tashi tun da asuba, uban yana kai su Agege kafin ya wuce shago. Jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara jigilar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo a watan Oktoba na 2024 yana kuma tsayawa a Agege, ya rage musu wahalar cunkoson hanyar Abeokuta a wasu ranaku.

Shagon ma sai da aka yi masa tsari. Magidancin ya ƙidaya kaya, ya rubuta basussukan da yake bi da waɗanda ake binsa, ya danƙa wa ƙanensa bisa yarjejeniyar raba riba a rubuce. Da a ce ya zari Naira miliyan biyu daga jarin domin hayar shekara, da abin da zai bar wa ƙanen bai isa ya riƙe abokan ciniki ba. Ƙaramar 'yarsu ce ta fi jin jiki, domin ta yi ta tambayar ranar da za a koma gida, alhali gidan an riga an cire masa rufi.

Abin lura ga 'yan kasuwa

Masu irin wannan shiri za su rage asara idan suka ɗauki wasu matakai tun kafin matsala ta taso. Na farko, duk wanda ke sabunta haya alhali yana da niyyar tafiya, ya nemi a rubuta masa sharaɗin ci gaba da zama wata-wata bayan cikar shekara, ko da a farashi mai ɗan tsada. Na biyu, wanda dole ta sa ya biya shekara, ya nemi izinin mai gida a rubuce na miƙa sauran wa'adin ga wani, domin dokar 2011 ta hana ɗan haya sanya wani a gida ba tare da wannan izini ba. Na uku, a raba kuɗin tafiya da na zaman jira a asusu dabam-dabam, a kuma yi kasafin jiran kan akalla wata shida fiye da ranar da ake tsammani. Na huɗu, kada a ajiye aiki ko a rufe shago sai biza ta shigo hannu.

Su ma masu gidaje da masu zuba jari a harkar gine-gine akwai abin dubawa. Iyalin da tsarin shekara zai sa ya kashe N500,000 a wata zai yi murna da biyan N200,000 a hayar wata huɗu, wanda ya ɗara farashin shekara da kashi 60 cikin 100. Irin waɗannan 'yan haya ba su da sha'awar maƙalewa a gida, tun da tafiya ce a gabansu, kuma suna da kuɗi a banki da za a iya tabbatarwa. Tsakanin hayar shekara da masaukin kwana akwai kasuwa wadda har yanzu masu cinta ba su da yawa.

Batun biyan haya wata-wata ya sha tasowa a matakin hukuma. Gwamnatin Jihar Legas ta yi ta kira a kansa, haka kuma a 2022 Majalisar Dattawa ta yi muhawara kan wani ƙuduri na Sanata Smart Adeyemi da ya nemi rage kuɗin da ake karɓa a dunƙule a Babban Birnin Tarayya. Amma muddin hauhawar farashi na cin darajar Naira, kotuna kuma na jan ƙafa wajen ƙwato wa masu gidaje haƙƙinsu, kira kaɗai ba zai sauya al'adar kasuwa ba. 'Yan Nijeriya mazauna ƙetare na aiko da kimanin dala biliyan 20 gida a kowace shekara, kuma wani kaso na wannan kuɗi gine-gine yake komawa. Mai gidan da ya sassauta wa iyali na wata huɗu yau, mai yiwuwa da wanda zai sayi fili a hannunsa gobe yake mu'amala.